Abin da ya hana Toyota kwaikwayon Ford

1/ Jiya a aji malaminmu ya tambaya: in aka ba ka jari ka buɗe masana'anta, wace hanya za ka bi wajen ƙera kaya? Kusan dukanmu muka ce irin ta Ford. Ya yi dariya kawai. Da na koma ɗaki na bi tarihin, sai na gane dariyar. 🧵

2/ 1913, Highland Park, Amurka. Henry Ford ya ɗora mota a kan layi mai tafiya, kowane ma'aikaci yana tsaye wuri guda yana maimaita aiki ɗaya tak. Haɗa mota ya sauko daga awa 12 zuwa kusan awa ɗaya da rabi. Model T da ake sayarwa dala 850 ta koma ƙasa da 300.

3/ Amma fa sai in mota iri ɗaya za ka yi ta fitarwa. Da General Motors ta fara kawo kala-kala, masu saye suka koma can. A 1927 dole Ford ya rufe masana'anta na watanni kafin ya iya fitar da Model A.

4/ Yanzu mu je Japan, 1950. Toyota ta kusa durƙushewa, ga bashi ga yajin aiki. A shekarar Eiji Toyoda ya je ya ga katafariyar masana'antar Ford ta River Rouge. Ya gani ya yaba, amma ina kuɗin? Kasuwarsu ƙarama ce, kuma motoci iri-iri take so, kaɗan-kaɗan.

5/ Nan Taiichi Ohno ya burge ni wallahi. Ya ɗauki dabarar manyan kantunan Amurka, inda ba a ƙara kaya a kanta sai an ɗauki na kai. Ya ce kada sashe ya ƙera komai sai na gabansa ya turo kati, wato kanban. Kuɗi ya daina kwanciya a sito. Ma'aikaci ma in ya ga matsala yana iya tsayar da layi, abin da a tsohon tsarin Ford sai manya.

6/ Telan unguwarmu ya faɗo min a rai. Ba ya yanka yadi sai an kawo awo, mai ɗinkin kanti kuwa tun kafin azumi yake tara na Sallah. Kowa da aljihunsa da masu sayensa.

7/ Kada a ce na zama ɗan kamfen ɗin Toyota 😅 Girgizar ƙasar 2011 ta tsayar musu da aiki saboda babu ajiya. Bayan nan su da kansu suka sa masu kawo musu wasu sassan lantarki su riƙa ajiye na watanni.