Kwamitocin Sassabin Zamani a Ƙasar Maradi

Kwamitocin sassabin zamani ƙungiyoyin sa-kai ne da manoman jihar Maradi, a kudancin Jamhuriyar Nijar, suka kafa a ƙauyukansu don tsaron itatuwan da ke tohowa a gonaki, da hana iska da ruwan sama kwashe ƙasar noma. Mutanen gari ne ke zaɓen mambobinsu, kuma ba wanda ke cin albashi a cikinsu. Sassabin zamani kuwa shi ne manomi, idan ya zo sharar gona da bazara, kada ya sare dukkan tohon da ya fito daga kututturen sabara, kalgo, geza ko magarya. Sai ya zaɓi tsiro ɗaya zuwa biyar mafi ƙarfi kuma mafi miƙewa, ya sassabe sauran, ya rage rassan ƙasa da gatari mai kaifi, ya bar na saman su yi girma. Saiwar tana raye tun da daɗewa, ta riga ta kai ga danshi, don haka tsiron kan yi saurin da dashe ba ya yi.

Asali

Barin itace a gona ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Kowa ya san gawo yana zubar da ganye da damina, gero ya yi kyau a gindinsa, da rani kuma dabbobi su sha inuwa su ci 'ya'yansa su bar taki. Ana ba da labarin cewa Sarkin Damagaram Tanimu, a ƙarni na 19, ya sa hukunci mai tsanani a kan duk wanda ya sare gawo. Abin da ya raba manomi da itacen gonarsa shi ne doka. Dokar gandun daji da Faransa ta kafa wa yankunanta na Afirka ta Yamma a 1935, da wadda Nijar ta yi a 1974, sun sa itatuwa masu daraja a hannun gwamnati. Mutum zai iya shan tara don ya datse reshen gawon da ke tsakiyar gonar da ya gada. Da haka itace ya zama abin janyo ma'aikacin gandun daji, manomi kuwa ya gwammace ya kashe tsiron tun yana ƙarami. Ga kuma noman gyaɗa da garmar shanu, waɗanda malaman gona na lokacin suka ce suna buƙatar gona tsaf, ba kututture.

Farin 1968 zuwa 1974 ya tarar da filayen Maradi a buɗe. Iskar farkon damina kan binne shuka da rairayi ko ta yanke ta, har manomi ya yi shuka sau uku ko huɗu a shekara guda. Mata kan yi tafiya mai nisa neman itacen girki, in sun rasa su ƙona kara da kashin shanu, wato abin da ya kamata ya koma wa ƙasa. Gwamnati da masu ba da agaji sun zuba kuɗi a gandayen reno da dashen dogon yaro da turare, amma mafi yawan dashen bai rayu ba.

Shekarar 1983 da yunwar 1984

Tony Rinaudo, malamin gona ɗan Ostareliya, ya zo Maradi a 1981 ƙarƙashin ƙungiyar mishan ta SIM, shi ma dashe ya zo yi. A 1983 ya tsaya rage iskar tayar motarsa a kan hanya mai rairayi, sai ya lura cewa ƙananan duhuwoyin da ke warwatse a gonaki tohon manyan itatuwan da aka sare ne. Ya fara gwaji da manoma kimanin goma. Maƙwabta sun yi musu dariya, wasu sun kira su mahaukata, da dare kuma aka riƙa sace musu sandunan da suka rena.

A 1984 aka yi yunwar da mutanen Maradi ke kira El Buhari, domin ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya a zamanin mulkin Buhari. A shekarar ce gwamnatin Seyni Kountché ta kira taron ƙasa kan kwararowar hamada a birnin Maradi. Shirin SIM ya raba abinci a ƙauyuka kimanin 95 bisa sharaɗin mutum ya bar itatuwa a gonarsa, ya kuma shawo kan hukumar gandun daji ta jihar ta sassauta wa manoma a kan itacen da suka rena da hannunsu. An tsare itatuwa kusan 500,000. Da rabon abinci ya ƙare, an sare kusan kashi biyu cikin uku. Wannan adadi ya cancanci a tsaya a kansa, domin ya nuna iyakar abin da buhun hatsi zai iya saya. Kashi ɗayan da ya tsira yana hannun waɗanda suka ga amfaninsa da idonsu: itacen girki a kusa, ganyen dabbobi, shuka da ba ta binnewa. Gani ya kori ji. Daga gonakinsu ne abin ya bazu, manomi yana koya wa manomi a kasuwa da wurin biki.

Yadda kwamiti ya samu

Matsalar da ta rage ita ce sata. Ba wanda zai shekara uku yana renon itace idan ya san wani zai zo da dare ya sare. Mutum ɗaya ba zai iya gadin gonarsa dare da rana ba, ma'aikacin gwamnati kuwa yana can hedikwata, sau da yawa ba shi da ko man babur. Bayan rasuwar Kountché a 1987 da matsin tattalin arzikin da ya biyo baya, hannun gwamnati ya yi sanyi a karkara, sai gari ya ɗauki nauyin da kansa.

Inda tsarin ya fi kankama shi ne gundumar Aguié, musamman ƙauyen Ɗan Saga, da tallafin asusun bunƙasa noma na duniya, IFAD. Zuwa ƙarshen 2007 akwai kwamitoci 53 da ke kula da ƙauyuka kusan 170. Taron gari ne ke zaɓen mambobi, kuma ana sa manoma da mata da Fulani makiyaya. Shigar da makiyaya ita ce hikimar da ta fi kowace a wannan tsari. Mai kiwo shi ne ya fi kowa buƙatar ganyen gawo a ƙarshen rani, kuma dokar da aka yi ba ya wurin ba za ta ɗaure shi ba. Mata kuwa su suka san wahalar itace, su ne kuma suka fi lura da sabon sara a hanyar gona.

Aikin kwamiti ba shi da ƙyalƙyali. Ana raba zagaye, wasu su bi gabas wasu yamma, a duba ko akwai ɗanyen sara. Idan an ga, a bi sawu. Wanda aka kama ana fara yi masa nasiha, in ya sake a kai shi gaban mai gari a ci shi tara, in ya fi ƙarfin gari a miƙa shi ga ma'aikatan gandun daji. Nauyin yana nan ne: wanda aka kama sau da yawa ɗan uwa ne, ko suruki, ko wanda ake haɗa sahu da shi a masallaci. Mutumin da zai ce wa ƙanin mahaifinsa "Baffa, wannan itacen ba naka ba ne," ba tare da ana biyansa ko sisi ba, shi ne ginshiƙin wannan tarihi, ko da yake rahotanni ba su cika ambaton sunansa ba. Daga baya Ɗan Saga ya buɗe kasuwar itace, domin manomi ya sayar da abin da ya rena a fili, ba a ɓoye ba.

Irin wannan jagoranci yana da takwara a Amurka. Bayan guguwar ƙura ta shekarun 1930, Shugaba Roosevelt ya aika wa jihohi samfurin doka a 1937 don kafa gundumomin kare ƙasa, aka buɗe ta farko a Brown Creek da ke Karolina ta Arewa a shekarar. Yau suna kusan 3,000, kuma mafi yawan shugabanninsu masu gonaki ne da ke aikin sa-kai. Bambancin shi ne can doka ce ta haifi gunduma, a Maradi kuwa aikin gari ne ya riga doka. A Najeriya abin da ya fi kusa shi ne ƙungiyoyin masu amfani da fadama, waɗanda shirin Fadama na biyu ya kafa daga 2004 a jihohi da suka haɗa da Taraba.

Doka da sakamako

Dokar karkara ta Nijar ta 1993 ta kafa hukumomin filaye, dokar gandun daji ta 2004 ta ƙara buɗe wa al'umma ƙofa. A tsakiyar shekarun 2000 Gray Tappan na hukumar binciken ƙasa ta Amurka ya gwada hotunan sama na 1975 da na lokacin, shi da Chris Reij da masanan Nijar irin su Mahamane Larwanou. Sun ƙiyasta cewa gonaki kimanin hekta miliyan 5 sun farfaɗo, da itatuwa kusan miliyan 200. Wani babban ɓangare yana Magarya, Matamaye da Mirya a jihar Damagaram, inda manoma suka rena gawo ba tare da wani babban shiri ya sa su ba. An ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood a 2018, tare da Yacouba Sawadogo na Burkina Faso.

Har yanzu masu saran itacen sayarwa na shigowa daga nesa, kuma kwamitin da tallafi ya janye masa kan yi rauni idan mai gari bai tsaya masa ba. A watan Yulin 2020 gwamnatin Nijar ta fitar da doka ta musamman kan sassabin zamani, wadda ta amince cewa manomi yana da haƙƙin amfani da itacen da ya rena a gonarsa.