Tasirin Laimar Damina ga Fentin Mai a Jikin Kujeru da Bencinan Waje

Tsakure

Maƙalar ta duba dalilin da ke sa fentin mai ya kumbura, ya yamutse ko ya ɓare a jikin kujeru da bencinan da ke kwana a tsakar gida idan an shafa shi da damina. Matsayar da ta ɗauka ita ce ruwan da ke cikin katako da raɓar da ke sauka a kansa sun fi laimar iska kanta ɓarna.

Yadda fentin ke bushewa

Bushewar fentin mai hawa biyu ce. Da farko tinar da aka sirka shi da ita takan tashi cikin 'yan sa'o'i. Daga nan man da ke cikinsa ya riƙa shan iskar oksijin har ƙwayoyinsa su sarƙe su zama fata mai tauri. Don hanzarta wannan ne masana'antu ke zuba masa sinadarin kobal ko manganis. Hawa na biyu yakan ci kwanaki, wani lokaci makonni, kuma sanyi da rashin kaɗawar iska suna ƙara jan sa. A nan kafinta ke ruɗuwa: ya taɓa da yatsa, ya ji bai kama ba, ya ƙara shafi na biyu. Alhali saman ne kawai ya yi fata, ƙasan yana nan ɗanye. Bayan kwana biyu sai a ga hannun kujera ya tattare, farce na shiga cikinsa.

Raɓa da ruwan katako

Ƙa'idar ISO 8502-4, wadda aka tsara don fentin ƙarfe, ta nemi zafin abin da za a shafa ya ɗara ma'aunin saukar raɓa da digiri 3 aƙalla. Lissafi ya nuna cewa idan zafin gari digiri 30 ne, laima kuma kashi 85 cikin ɗari, raɓa za ta fara sauka a wajen digiri 27. Tazarar ta riga ta ƙure. Ke nan kujerar ƙarfen da aka shafa bayan la'asar a tsakiyar marka, cikin Agusta a Kano ko Zariya, raɓa za ta same ta tun fentin bai kama jikinsa ba, ta wayi gari ƙyallinta ya dushe.

Matsalar katako ta fi wannan zurfi. Ana son ruwan cikinsa kada ya haura wajen kashi 15 cikin ɗari kafin a shafa, amma wanda aka jingine a bangon shago ruwa na dukansa yakan zarce haka. Fentin mai ba ya barin tururi ya fita da sauƙi. Da rana ta buɗe, ruwan da aka kulle a ciki sai ya ɗaga fatar, ƙuraje su fito, funfuna ta biyo baya. Abin takaici, wurin da ya fi tsotsar ruwa shi aka fi mantawa: bakin yanka na ƙasan ƙafar benci, wanda ke zaune a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Daga nan ruɓa ke hawa.

Abin da ya kamata a yi

A shanya katako a ƙarƙashin rumfa mai iska, a goge da samfefa, a cika bakin yanka da shafin farko. A fara aiki da hantsi bayan raɓa ta ɗauke, a tsaya tun kafin la'asar. Shafi ya zama siriri, a bar aƙalla awa 24 tsakani, a ƙara idan gari ya lumshe. Sirki da kananzir, wanda wasu ke yi don sauƙin kuɗi, jinkirta bushewa yake yi, domin ya fi tina nauyin tashi. Ƙarfe kuwa sai an kankare tsatsa an sa masa jan fentin ƙasa tukuna.