Sunayen da Muke Rufe Wahalar Yara da Su

A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fasa wani gida a Rigasa, cikin Kaduna, suka fito da mutum fiye da 300, manya da yara, wasu da sarƙa a ƙafa, bayansu duk tabon bulala. Gidajen rediyo suka kira abin cin zarafi. Iyayen da suka kai 'ya'yansu can da hannunsu ba haka suke kiransa ba. A wurinsu makaranta ce, gidan gyaran tarbiyya, inda ake kai yaron da ya gagara. Sunan da jama'a suka fi sani kuwa shi ne gidan mari, kuma marin nan ba na tafin hannu a kunci ba ne, ƙarfen da ake ɗaure ƙafafu da shi ne. Ashe sunan ya daɗe yana faɗin gaskiya, kunnenmu ne ya saba da shi har ya daina jin nauyinsa. Ba a yi wata guda ba aka sake gano irinsa a Daura.

Kalmar da ta ɗauke wa irin wannan aiki kunya ita ce horo. Da ita ake cewa an hori doki, an horar da soja, an horar da malaman firamare. Da ita kuma ake kiran dukan yaro da wayar lantarki, da tusa hannunsa cikin garwashi don ya ɗauki tsokar nama a tukunya, da zuba masa barkono a ido. Maƙwabci ya ji ihu ta katanga ya leƙo, a ce masa "horo ake yi", sai ya ja da baya, wani lokaci har da sa albarka, wai icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Horo yana ba mu labarin niyyar babba ne kawai. Bai ce komai ba game da fatar yaron, ko fitsarin kwancen da ya dawo masa, ko yadda yake zabura idan an ɗaga hannu kusa da shi.

Doka ma ta bar ƙofar a buɗe. Sashe na 55 na kundin laifuffuka na Arewa, wanda ya fara aiki a 1960, ya yarda uba ko mai riƙo ko malami ya hori yaro muddin bai kai ga mummunan rauni ba. Malamanmu na da sun fi haka tsantseni. Muhammad ɗan Sahnun, malamin Malikiyya na Ƙairawan, ya kayyade wa malamin yara bulala uku, ƙari sai da izinin uba. Ibn Khaldun ya keɓe babi guda a Muƙaddima yana nuna cewa tsanantawa tana koya wa ɗalibi ƙarya da yaudara da mutuwar zuciya. Su sun yi wa horo iyaka, mu muka riƙe sunan muka zubar da iyakar.

Kalmar da ta fi ƙona mini rai ita ce lalata. Kullum muna ji a labarai: "An kama wani magidanci da ya yi lalata da yarinya 'yar shekara shida." Wannan "da" ɗin ita ce ake sa wa manya biyu da suka amince wa juna, don haka ta mai da yarinyar abokiyar laifi. Idan namiji ne sai a ce an yi luwaɗi da shi, shi ma an raba masa kaso. A cikin gida kuma a ce "an ɓata ta", kamar kayan da ya lalace a hannun dillali, aibin ya koma kanta, maganar ta zama ta wa zai aure ta. Daga nan sai rufin asiri: dattawa su zauna a zaure, a biya kuɗin magani, a ce a bar wa Allah. Asirin wa aka rufa? Ko fyaɗe ma wasu na ɗauka sai an yi kokawa an yage tufafi, alhali yaro da alewa da naira hamsin ake jansa, kuma mai jan galibi wanda ya sani ne, wanda ake aikensa wurinsa. Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi tare da UNICEF a 2014 ya nuna yarinya ɗaya cikin huɗu, da yaro namiji ɗaya cikin goma, an taɓa su ta wannan fuska kafin su kai shekara 18, kuma waɗanda suka sami taimako ba su kai biyar cikin ɗari ba.

Riƙo kalma ce mai daraja, marayu da yawa ta raya. Amma a ƙarƙashinta ne 'yar riƙo take tashi tun asuba wanke-wanke da talla, 'ya'yan gida suna ɗaura jakar makaranta.

Watsi da yaro kuwa ko cikakken suna ba mu ba shi ba. Muna cewa sakaci, kalmar da ake faɗa wa wadda ta bar tuwo ya ƙone. Uban da ya sauke ɗan shekara bakwai a wani gari ba abinci ba sabulu, ya shekara bai waiwaye shi ba, ce masa ake ya kai ɗansa karatu, kuma bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci. A watan Agusta na 2020 aka ceto wani yaro ɗan shekara goma a Birnin Kebbi, an ɗaure shi a turken dabbobi kusan shekara biyu bayan rasuwar mahaifiyarsa. Gidan yana cikin unguwa, da maƙwabta ta kowane ɓangare.

Roƙona ga 'yan jarida da malaman makaranta da masu unguwanni: idan an yi wa yarinya fyaɗe a ce an yi mata fyaɗe, kada a ce an yi lalata da ita. Kai kuma da ka ji ihu ta katanga aka ce maka horo ne, ka nemi a nuna maka yaron.