Daga Tari Zuwa Jeri: Tarihin Da Ya Shafi Ƙ, Ɓ Da Ɗ

Makalarmu ta wannan mako ta leƙa ɗakin masu kwamfuta, amma kada kowa ya tsere, maganar haruffanmu ce.

A 1957 kamfanin IBM na Amurka ya fitar da yaren kwamfuta mai suna Fortran, ƙarƙashin jagorancin John Backus. A cikinsa akwai abin da za mu kira jeri: gurabe ne a layi, kowanne da lambarsa, kuma tun farko sai ka faɗi adadinsu. Kamar kwandon ƙwai ne, mai gurbi talatin ba ya ɗaukar talatin da ɗaya.

To amma mai tattara kalmomi daga bakin dattawan Zandam ko Gwaram, ina ya san adadin da zai samu? Shi buhu yake buƙata. Yaren Java ya samu tsararren tsarin irin wannan buhu a 1998, aikin da Joshua Bloch ya jagoranta, tare da umarnin toArray mai juye tari zuwa jeri. Wani buhun, irin HashSet, ba ya alkawarin wace kalma za ta fara fitowa, sai ka sa an jera su da kanka.

Nan ne gizo ke saƙar. Kwamfuta da lamba take gane harafi. A tsarin Unicode, wanda ya fara fita a 1991, z tana lamba 122, ƙ tana 409, ɓ 595, ɗ kuma 599. Idan aka bar na'ura ta jera da lambobin nan kawai, "ƙasa" za ta koma bayan "zuma", "ɓera" da "ɗaki" su biyo ta a can ƙurya. Mai neman "ƙasa" kusa da "kasa", kamar yadda ya saba a ƙamus, zai ɗauka ba ka san kalmar ba.

Maganin yana nan. Ma'ajiyar CLDR ta Unicode tana da ƙa'idar jerin Hausa, wadda ta sa ɓ bayan b, ɗ bayan d, ƙ bayan k, ta kuma ɗauki sh da ts a matsayin haruffa masu zaman kansu. Ni a ganina, duk wanda zai ba mai kwamfuta aikin fihirisa ko ƙaramin ƙamus, ya fara tambayarsa ko da wannan ƙa'ida zai jera, kafin a yi cinikin kuɗi.