Langa, Kokawa da Awon Jikin Yaro a Ƙasar Tasawa

Tun kafin makarantar boko ta iso Kona da sauran garuruwan Tasawa da Mayahi, dandali ne ke auna jikin yaro. In kaka ta yi, an ɗaure damman gero an kai rumbu, sai yara su fito da farin wata. A langa yaro zai kama babban yatsan ƙafa ɗaya ta baya da hannu, ya yi ta tsalle a kan ɗayar cikin rairayi, ana bangazarsa yana bangaza, kuma da ya saki ƙafar ko ya faɗi ya fita. Babu mai rubuta maki, amma kowa ya ga wanda ƙafarsa ta kafu da wanda jikinsa bai yi ƙwari ba. 'Yan mata kuwa carafke ke gwada musu ido da hannu: a cilla tsakuwa sama, a kwashe na ƙasa, a cafe ta kafin ta sauka. A kokawa manya ke haɗa yaro da sa'ansa, kuma wannan haɗin kansa awo ne, domin sai wanda ya daɗe yana kallon yaran ya san wa ya isa ya kama wa.

Abin da nake son nunawa shi ne hukuma ta ɗauki ƙololuwar wannan al'ada ta bar gindinta. A 1975, zamanin Seyni Kountché, aka yi gasar kokawa ta ƙasa ta farko a Tawa, Kantu na Maraɗi ya zama zakara. Daga nan jihohi suka riƙa karɓar gasar bi da bi, aka gina filayen kokawa a manyan birane, takobin da ake ba zakara ya zama abin da dukan Nijar ke kasa kunne a rediyo dominsa. Darasin motsa jiki na makaranta kuwa ya ci gaba a kan turbar da ya gada daga Faransa: gudu da agogo, tsalle da ma'auni, jifan ƙarfe, waɗanda ake jarrabawa a kansu a BEPC. Abin mamaki, Georges Hébert, jami'in sojan ruwan da tsarinsa ya yi tasiri a darasin Faransawa a farkon ƙarni na 20, da ƙarfin jikin mutanen da ya gani a Afirka ya kafa hujja.

Za a ce langa wasa ne, awo kuwa kimiyya ce. To, a dubi gwajin TGMD da Dale Ulrich ya fitar a Amurka a 1985 domin yara 'yan shekara 3 zuwa 10. Cikin abubuwan da yake dubawa akwai gudu, tsalle da ƙafa ɗaya, jifa da cafewa, kuma ba nisa ko sauri yake ƙirgawa ba, yadda yaro ya yi motsin yake lura. Tsalle da ƙafa ɗaya ai langa ce, cafewa kuma carafke. Saura kawai takarda da ƙa'idar da malamai biyu za su bi su ba da maki ɗaya.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi, kuma gaskiya ne. Dandali gwani yake nema. Yaron da aka kayar sau uku ana masa ihu yakan koma gefe, ba mai tambaya ko rashin abinci ne, ko ciwo, ko rashin koyo. Yarinya kuma da ta fara tasawa talla da daka sun janye ta. A nan makaranta ta fi, domin ita ke da rajistar da sunan kowa ke ciki, ragon da gwanin. Amma wannan hujja ce ta gyara awon dandali, ba ta watsar da shi ba. Malamin da ba shi da ƙwallo ko agogo a ƙauye yana da rairayi, da tsakuwa, da yaran da suka riga suka san dokar wasan. Makarantar horon malaman wasanni ta INJS da ke Yamai ce ya kamata ta rubuta wa langa da carafke ƙa'idar maki, ta miƙa wa malaman firamare.