Tsarkake Irin Dankalin Turawa daga Cutar Bairas ta Hanyar Renon Kan Toho: Nazari daga Tsaunin Jos

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci hanyar samar da irin dankalin Turawa marar bairas ta renon kan toho a ɗakin gwaje-gwaje, ta kuma auna ta da yanayin noma a Jihar Filato. Matsayin maƙalar shi ne cewa aikin renon tsiro cikin kwalba ya riga ya zauna da gindinsa tun shekaru da dama, kuma ƙalubalen yana ga gwajin tabbatarwa da kare irin bayan ya sauka gona.

Gabatarwa

Mafi yawan dankalin Turawan da ake nomawa a Nijeriya daga Bokkos da Mangu da Barikin Ladi da Pankshin yake fitowa, inda tudu ya haura mita 1,200 kuma dare ke da sanyi. Manomi ba ƙwaya yake shukawa ba, ɗan dankalin yake binnewa, saboda haka duk cutar da ke jikin uwa sai ta bi ɗiya. Ga kuma al'adar sayar da manya a ajiye ƙanana don iri, alhali sau da yawa cuta ce ta hana ƙananan girma. Bayan 'yan damuna sai a ji manoma na cewa iri ya gaji. Manyan masu jawo wannan gajiya su ne nau'o'in bairas na PVY da PLRV mai naɗe ganye, waɗanda ke iya cinye fiye da rabin amfani, sai PVX da PVS da ke ɓoye ba tare da wata alama bayyananniya ba.

Yadda ake tsarkakewa

Morel da Martin ne suka fara nuna hanyar a Faransa, a 1952 kan furen daliya, sannan a 1955 kan dankali. Dalilin aikinta yana cikin ginin tsiron. A can tsinin toho akwai ƙwayoyin halitta masu rabuwa da sauri, jijiyoyin kai abinci ba su riga sun kai gare su ba, kuma ta waɗannan jijiyoyi ne bairas ke yin doguwar tafiya. Ana wanke tohon da itanol da ruwan bilic, a yanko tsinin a ƙarƙashin madubi mai ƙara girman abu, girmansa tsakanin milimita 0.1 da 0.5. Daga nan a ɗora shi kan abincin reno na Murashige da Skoog na 1962, mai ɗauke da sukari giram 30 a lita, wanda aka dafa a tukunyar turiri kan zafin digiri 121.

A nan ne gwanintar ma'aikaci ke bayyana. In yankan ya yi ƙanƙanta, zai fi tsabta amma da wuya ya rayu. In ya yi girma, zai rayu da cutarsa. PLRV ba ta barin jijiyoyi, don haka raba ta da tsiro bai da wuya. Tun 1950 Kassanis ya nuna cewa zafi kaɗai na kashe ta a cikin ɗan dankali. PVX da PVS kuwa suna matsowa dab da tsinin, shi ya sa ake fara ajiye tsiron makonni a zafin digiri 32 zuwa 37 kafin yanka, ko a zuba maganin ribabirin a abincin reno.

Gwaji da ninkawa

Fitowar tsiro daga kwalba ba shaidar lafiyarsa ba ce. Dole a gwada kowane layi da ELISA, bisa tsarin Clark da Adams na 1977, ko da RT-PCR, kuma a maimaita, domin zafi kan rage yawan bairas har gwajin farko ya kasa ganinta. Wanda ya tsallake wannan mataki don tsadar sinadarai, cuta zai ninka da kuɗinsa. Layin da ya tsira ana yayyanka shi gaɓa-gaɓa duk bayan mako uku zuwa huɗu, sannan a fitar da tsirrai zuwa ɗakin raga don su yi ƙananan 'ya'ya. A Kenya an ɗauki dabarar dasa yankakken toho mai saiwa, wadda manoman Dalat a Biyetnam suka daɗe da ita, kuma ta fi arha.

Bayan kwalba

Irin da aka tsarkake bai samu rigakafi ba. Ranar da ya fita gona, ƙwarin darɓa na jiransa. Darɓa kan ɗauki PVY cikin daƙiƙoƙi ta sa wa tsiro na gaba kafin feshi ya kashe ta, saboda haka maganin ƙwari ya fi tasiri kan PLRV, wadda ke buƙatar doguwar tsotsa. A Filato ana noman damina, ana kuma na rani a fadamu da bakin tsofaffin kududdufan kuza, ta yadda ɗanyen ganyen dankali da tumatir da tattasai ba ya yankewa, kuma duka dangi ɗaya ne wajen ɗaukar PVY. A ganin mai wannan nazari, tashar binciken dankali ta Kuru, reshen cibiyar bincike da ke Umudike, da masu ninka iri za su fi cin riba in suka ƙara yawan zagayen da ake yi a ɗakin raga, suka taƙaita na fili zuwa biyu ko uku. Gonar iri kuma a nisanta ta da gonar kasuwa, a tuge duk tsiro mai alama tun da wuri, a sare ganye kafin tono. Tsaunin Mambila, da ya fi Jos tudu, ya cancanci a kafa masa tarkon ƙidayar darɓa na damuna da yawa kafin a yanke hukunci kan mayar da shi cibiyar iri.