Guntun Tikiti da Tsohon Filin Katsina United

Shekaru uku a jere, 1995 da 1996 da 1997, ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Katsina United ta kai wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale na Nijeriya, kuma duk sau ukun ta dawo gida hannu rabbana. A karon farko Shooting Stars ta Ibadan ce ta doke ta da ci 2 da nema. Shekarar da ta biyo baya Julius Berger ta Legas ta zura mata ɗaya tak, sannan a 1997 Eagle Cement ta Fatakwal ita ma ta yi mata ɗaya mai ban haushi. Mai karatu, kada rashin ɗaukar kofin ya sa ka raina abin. Wannan kofi tun 1945 ake buga shi, shi ne mafi daɗewa a ƙasar nan, kuma ƙungiyar da nake ba ka labari a 1994 aka kafa ta, a jihar da ita kanta sai a 1987 aka yanke ta daga Kaduna. Yarinya ce ɗanya shakaf ta shiga tsakiyar manya ta yi ta ture su har sau uku.

Mu da muke yara a Zango a lokacin, a rediyo muka san ta. A yi la'asar a zauna ƙofar shagon tela, a zagaye akwatin rediyo, mai batir sabo shi ne sarki a ranar. Zamani ne da ƙwallo ta shiga jinin kowa, domin Nijeriya ta ci kofin Afirka a Tunisiya a 1994, ta je gasar duniya a Amurka a shekarar, sannan ta ciyo zinare a Atlanta a 1996. Amma su Yekini da Amokachi na kowa da kowa ne. Katsina United kuwa tamu ce, ko da yake mu mutanen ƙasar Daura ba kasafai muke yarda mu ce wani abu na Katsinawa namu ba ne. Ƙwallo ce kaɗai ta iya yi mana wannan sulhu.

A wancan lokacin babu filin Karkanda da ake gani yau. An dai aza harsashinsa tun farkon shekarun 1990, aka bar shi cikin ciyawa, sai a 2013 zamanin Gwamna Ibrahim Shema aka kammala shi, daga baya a 2016 aka sa masa sunan Sarkin Katsina Muhammadu Dikko. Saboda haka duk waccan bajinta a tsohon filin wasa na cikin gari aka gina ta. Sau ɗaya na taɓa shiga filin yana kan ganiyarsa, a 1997, da wani kawuna direban babbar mota ya ɗauke ni muka bi ta Daura da Mashi. Abin da na riƙe shi ne ƙura, da rana a tsakiyar ka, da masu kalangu da ba su huta ba har aka tashi, da yara rututu a kan katanga kamar balbelu.

Daga wannan tafiya ce abu na farko da nake ajiye da shi ya fito: rabin tikiti. Mai tsaron ƙofa ya yage rabi ya miƙo wa kawu rabi, shi kuma ya cusa shi cikin jakar lasisinsa ya manta. Bayan rasuwarsa, Allah Ya jiƙansa, ana rabon kayansa aka zazzage jakar, tikitin ya faɗo, wata gwaggona har ta kai tsintsiya na yi wuf na ɗauke. Wurin da aka rubuta kuɗin shiga yana cikin rabin da aka yage. Abin da ya saura shi ne guntun sunan ƙungiyar da hatimi mai shuɗin tawada da ya fara gogewa. Tun daga ranar na shiga neman duk wani abu da ya taɓa ratsa ƙofar filin nan, kuma shekaru sun tafi, amma abin da na tara ba zai cika kwanon sha ba. Uwargida tana kiransa shara.

Akwai shafin jaridar New Nigerian da na tsinta cikin tarin tsofaffin jaridun da wani mai tsire ya sayo don naɗe nama; hoton 'yan wasa ne, amma an riga an yage gefen da sunayensu suke. Akwai tuta da wani tela ya ɗinka wa magoya baya, wadda na samu an mayar da ita labulen tagar shago, rana ta cinye launinta. Sai kuma kaset, wanda ya fi komai daraja a wurina. Wani dattijo mai gyaran rediyo ne ya naɗi sharhin wani wasan gida kai tsaye daga rediyo, ya ajiye. Da na saka, minti goma sha ɗaya kawai na samu: muryar mai sharhi ta dushe saboda ihu, ƙarar kalangu a bayansa, ana gab da bugun kusurwa. Daga nan sai ƙit! Sai waƙar fim ɗin Indiya. Wata 'yarsa ce ta buƙaci kaset a wani lokaci, ta ga wannan ba ya da amfani, ta naɗa a kai. Har yau bugun kusurwar nan yana rataye a iska, kuma na saurare shi ya fi a ƙirga.

Kada a ga laifin yarinyar, domin haka muke yi da kaya duka. Riga idan ɗan wasa ya gama da ita ƙanensa zai saka, daga shi sai ƙanen ƙanen, ƙarshenta ta zama tsumman goge babur. Jarida ta tafi wurin mai ƙosai. Abin da ya tsira daga hannun mutane gara tana jiransa, abin da ya tsira daga gara kuma ɗigar damina ta same shi a ƙasan gado. Ban da haka, da yawa daga cikin waɗanda suka cika filin ba su taɓa riƙe tikiti ba. Jira suke a buɗe ƙofa wajen ƙarshen wasa su kwarara ciki. Talaka ba ya ajiye abin da zai iya morewa, kuma ba wanda ya zaci ranakun za su wuce.

Suka kuwa wuce. Ƙungiyar ta dusashe, ta sauka daga babban rukuni, daidai lokacin da gidajen kallo suka fara tsirowa a kowace unguwa da janareta da farantin tauraron ɗan'adam. Nwankwo Kanu ya koma Arsenal a 1999, sai rabin samarin Arewa suka bi shi Landan ba tare da sun bar kan benci ba. To a nan ne abin da ya fi tsaya mini a rai yake. A Zango akwai masu iya ba ka tarihin Highbury, tsohon filin Arsenal, tiryan-tiryan: an buɗe shi a 1913, an buga wasan ƙarshe ranar 7 ga Mayu, 2006, aka ci Wigan 4 da 2, Thierry Henry ya zura uku ya durƙusa ya sumbaci ciyawa. Gaskiya ne duk. Amma dubi abin da Turawan suka yi bayan an kulle ƙofa. Gwanjo suka buɗe. Aka sayar da turakun raga, da tutocin kusurwa, da teburin tsohon kocinsu George Graham, har ciyawar filin aka yayyanka aka sayar wa magoya baya. Kujeru ne kawai aka fasa sayarwa, saboda an gano akwai wani sinadari mai guba a jikinsu. Babban agogon filin aka ɗauke shi aka kai sabon filin Emirates. Filin kansa aka mayar da shi gidajen kwana, inda ake buga ƙwallo ya zama lambu, amma fuskar ginin gabas doka ta hana a rushe ta. Wato mutum zai iya kama hannun jikansa ya kai shi ya ce, a nan ne.

Wani zai ce ai su masu kuɗi ne, mu kuma ajiye tarihi ba al'adarmu ba ce. Rabin maganar kawai na yarda da shi. Mu da muke da rijiyar Kusugu a Daura, ana gyara ta ana kai baƙi, ga takobin da ake jingina wa Bayajida yana nan ana riƙe da shi? A Katsina ga takobin Gajere na zamanin Korau, ga hasumiyar Gobarau ta ƙasa tana tsaye ɗaruruwan shekaru, ga ginin tsohuwar Kwalejin Katsina an mayar da shi gidan tarihi. Mun iya ajiya sarai, in dai abin yana da wanda aka ɗora wa amanarsa, yana karɓa daga hannun uba ya miƙa wa ɗa. Ita ƙwallo ce ba a naɗa mata ma'aji ba, saboda a idon manya wasan yara ce. Mu marubuta ma mun ɗanɗana irin wannan: littattafanmu na shekarun 1990 da aka riƙa kira adabin kasuwa, da yawa sai da wani Bature, Graham Furniss, ya bi ya tattara su a jami'ar SOAS ta Landan, shi da abokan aikinsa suka fitar da jerin sunayensu a 2004. Akwai marubucin da ba ya da kwafin littafinsa na farko a gidansa.

Ƙungiyar dai ta farfaɗo. Ta haura babban rukuni a ƙarshen kakar 2016, ta sake faɗuwa a 2022 tare da Kano Pillars, suka dawo tare a 2023. Sabon filin yana da kyau, yana da kujeru da inuwa, ban ƙi shi ba. Sai dai yaron da ya tashi a cikinsa yana zaton daga nan aka fara. Ɗana na fari, wanda ba ya barci idan Arsenal ta sha kashi, ranar da na gaya masa Katsina United ta taɓa zuwa wasan ƙarshe sau uku a jere, murmushi ya yi irin na ladabi, irin wanda ake yi wa tsoho idan ya fara labarin farautar da ya kashe zaki. Sai da ya duba a wayarsa ya ga layuka uku na sakamako sannan ya ce, “Ashe da gaske ne, Baba.” Layuka ukun nan su ne iyakar abin da wayar ta ba shi. Da na saka masa kaset ɗin kuwa, shiru ya yi har waƙar Indiya ta shigo, sannan ya tambaye ni ko ƙwallon ta shiga.

Biyu daga cikin ƙungiyoyin da suka hana mu kofin ma yanzu babu sunansu a gasar. Eagle Cement ta zama Dolphins, ita kuma aka haɗe ta da Sharks a 2016 aka samu Rivers United. Julius Berger kamfanin yana nan yana gina gadoji, amma ƙungiyar ƙwallonsa ta ɓace daga manyan filaye. Masu iya ba da shaidar abin da ya faru suna raguwa ta kowane ɓangare. Yaran da suka hau katanga sun haura arba'in, waɗanda suka biya kuɗi suka shiga kuma sun fara furfura, wasu sun riga mu gidan gaskiya kamar kawu.

Shi ya sa yanzu na rage neman tarkace, na koma bin mutane. Duk inda aka ce ga tsohon direban da ya riƙa kai magoya baya, ko makaɗin da ya yi kiɗa a filin, ko mai sayar da rake a bakin ƙofa, nakan je da wayata in naɗi muryarsa, in kuma nuna masa shafin jaridar nan da ba ya da sunaye. Mutum goma sha ɗaya ne a hoton. Kawo yanzu dattawa sun yi ittifaƙi a kan sunayen bakwai, suna gardama a kan biyu, sauran biyun kuma maiƙon tsire ya rufe fuskokinsu.